Wanne ya fi yawa, 2,5 ko 2,15? Darasin waƙafi a makarantun Madawa, Buza da Keita

Kafin mu shiga zance ga wata ƴar tambaya da muke so kowa shi amsa ma kanshi: tsakanin 2,5 da 2,15 wanne ya fi yawa? Wanda ya ce 2,15 kada shi ji kunya, domin shina da abokan tafiya da yawa, yara da manya, har cikin ma'aikatan ofis. Amma 2,5 ne ya fi. In yadi ake awo da metir, 2,5 shi ne metir biyu da rabi, watau metir biyu da santimetir 50, 2,15 kuwa metir biyu ne da santimetir 15 kawai. Santimetir 35 da ke tsakaninsu sun isa su rage ma riga hannu.

Ni kaina a gaban yara na fara gane nauyin wagga tambaya. Sa'ad da nike koyon aikin malanta anka tura ni wata makarantar ƙauye cikin gundumar Buza, anka ba ni ajin CM1. Na yi kwana uku ina koyar da adadi masu waƙafi, har na ɗauka darasi ya zauna. Rana ta huɗu na rubuta 2,5 da 2,15 bisa babban allo, na ce kowa shi rubuta wanda ya fi yawa a ƙaramin allonshi shi ɗaga sama. Sai na ga kusan dukan alluna suna ɗauke da 2,15. Na tambayi wata yarinya, ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ajin, mene ne dalilinta. Ta miƙe ta ce: « Mushe, ai goma sha biyar ta fi biyar. » Na rasa abin da zan ce mata nan take, domin abin da ta faɗi gaskiya ne, kuma mu munka koya mata shi tun ajin CI. Yarinyar ba ta yi wasa da karatu ba. Ƙa'idar da ta yi mata aiki shekara huɗu ce ta ɗauko, ta kawo ta wurin da ba ta da iko.

Yau da fassarar littattafan makaranta ta zama aikina, na ƙara tabbata cewa wagga ƴar alama da Faransawa ke kira « virgule », mu kuma muke ce mata waƙafi, tana cikin manyan duwatsun da ƴan CM1 da CM2 ke tuntuɓe da su. Halin da lissafi ke ciki a makarantunmu kuwa ba ɓoyayye ne ba. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu aiki da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna a shekarar 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda sunka kai matsayin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya gyaru, amma mafi yawansu sun kasance ƙasa da matsayin. Waƙafi ba shi kaɗai ya jawo haka ba, sai dai shi wuri ne da malami ke iya gyarawa da kayan da ke hannunshi.

Mene ne ke bayan waƙafi?

Dukan lissafin da muke rubutawa bisa goma ya ginu, kuma darajar kowace lamba tana ga gurbin da ta zauna. Cikin 325, lambar 3 ɗari uku ce, 2 ashirin ce, 5 kuwa biyar ce. In lamba ta matsa gurbi ɗaya zuwa hagu, darajarta ta ninka sau goma. In ta matsa gurbi ɗaya zuwa dama, darajarta ta koma kashi ɗaya cikin goma. Waƙafi bai taɓa wagga doka ba. Aikinshi ɗaya ne tak: shi nuna inda cikakkun abubuwa sunka ƙare da inda gutsattsari sunka fara. Gurbi na farko bayan waƙafi na kashi ɗaya cikin goma ne, na biyu na kashi ɗaya cikin ɗari, na uku na kashi ɗaya cikin dubu.

Kashi ɗaya cikin goma kuwa ba baƙo ne ba ga manomin Adar. Tun kaka da kakanni shina da suna, ushuri, kuma duk wanda ya taɓa fid da zakkar hatsin damina ya san cewa cikin dami goma na gero, ɗaya ake warewa. To 0,1 shi ne ushuri. In anka sake raba ushurin goma, anka ɗauki kashi ɗaya, an samu ushurin ushuri, watau kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ake rubutawa 0,01. Da wanga ido, 2,15 cikakku biyu ne da ushuri ɗaya da ushurin ushuri biyar, 2,5 kuwa cikakku biyu ne da ushuri biyar. Kowa ya san ushuri biyar ya fi ushuri ɗaya da ɗan guntu.

Kada a yi mamakin wuyar abin ga yaro, domin manyan masana ma sun daɗe kafin su daidaita shi. Wani malamin lissafi mai suna Al-Uklidisi ya rubuta littafi a birnin Dimashƙa wajen shekarar 952, inda ya yi aiki da irin waɗanga gutsattsari na goma. Jamshid Al-Kashi ya yi cikakken bayaninsu a Samarkand cikin littafinshi Miftahul Hisab a 1427. A Turai sai a 1585 Simon Stevin, mutumin Bruges, ya fid da ɗan littafin da ya kai dabarar ga masu awon ƙasa da ƴan kasuwa. Faransa ta kafa dokar awo da metir a 1795, daga nan metir da kilo da litir sunka bazu har sunka iso mu. Abin da duniya ta yi ɗaruruwan shekaru tana gyarawa shi muke so ɗan shekara goma sha ɗaya shi haɗiye cikin mako guda.

Abu uku da ke sa yaranmu tuntuɓe

Na farko kuɗinmu ne. Yaron Faransa tun shina ƙarami shike ganin waƙafi bisa farashin kaya, domin kuɗinsu na da ƙananan sulalla na kashi ɗaya cikin ɗari. Makwabtanmu na Nijeriya ma tun 1 ga Janairu 1973 sun raba naira zuwa kobo 100, ko da shike yau kobo ya ɓace daga kasuwa. Mu kuwa tamma ba ta da ƙane a kasuwa. Ƙari ga haka da dala muke ƙirga: abin da takarda ta kira 100, uwa a gida dala ashirin take ce mishi. Yaron da anka aika sayen gishiri a kasuwar Madawa ya iya ninka biyar cikin kanshi fiye da yaran ƙasashe da yawa, amma bai taɓa gamuwa da waƙafi a bakin mai tebur ba.

Na biyu ma'aunanmu ne. Gero da wake da tiya ake awonsu, albasar kwarin Tarka da buhu ake cinikinta, igiya da gaba, fili da taki, zane da kamu. Tiya ana raba ta biyu a ce rabi, ba a raba ta goma. Saboda haka yaro na zuwa makaranta da sanin rabi da sulusi da rubu'i, amma awon da ke rabuwa goma-goma sai a aji shike fara ganinshi, sau da yawa ma a rubuce kawai.

Na uku, wanda ya fi su ɓarna, harshenmu ne mu malamai. Muna karanta 2,15 da Faransanci mu ce « deux virgule quinze », in mun juya shi da Hausa mu ce « biyu waƙafi goma sha biyar ». Kunnen yaro ya ji adadi biyu cikakku, biyu da goma sha biyar, da ɗan shinge tsakaninsu. Daga nan sai shi gwada na hagu da na hagu, na dama da na dama, kamar gonaki biyu da kowace ke da iyakarta. Alhali kuwa 15 da ke bayan waƙafi kama kawai ta yi da goma sha biyar, kuma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Kuskure iri uku da ya kamata malami shi sani

Wagga matsala ba ta Adar kaɗai ce ba. A Faransa masu bincike biyu, Catherine Grisvard da François Léonard, sun nuna a 1981 cewa yara ba cikin duhu suke zaɓe ba, suna bin wasu ƙa'idodi ne da sunka ƙaga ma kansu. A 1989 Lauren Resnick da abokan aikinta sun iske irin waɗanga ƙa'idodi ga yaran Amurka da Faransa da Isra'ila. Malamin da ya san su, da ya dubi allon yaro zai gane ciwon da ke damunshi.

Kuskure na farko shi ne na yarinyar Buza: wanda ya fi tsawo shi ya fi yawa. Mai wanga ra'ayi zai ce 4,63 ya fi 4,8, domin 63 ta fi 8.

Na biyu kishiyarshi ne: wanda ya fi gajarta shi ya fi yawa. Wanga ya fi kama yaron da ya fara ganewa. Ya ji an ce kashi ɗaya cikin dubu ya fi kashi ɗaya cikin ɗari ƙanƙanta, sai ya yanke cewa duk adadin da ya kai gurbi na uku ƙarami ne. Shi zai ce 5,62 ya fi 5,736. Wani kuma tunanin rabo ke ruɗa shi: tun da in mutum uku sunka raba ƙwarya kowa ya fi samu bisa ga in su huɗu ne, sai shi ce 0,3 ya fi 0,4.

Na uku na sifiri ne. Wani yaro na ɗaukar sifiri ba kome ba ne ko'ina ya zauna, sai shi ce 3,07 da 3,7 duk ɗaya ne. Wani kuma shi ce 0,60 ya fi 0,6. Akwai ma mai rufe ido ga waƙafin gaba ɗaya, shi karanta 9,8 kamar 98, shi ce ya fi 12.

Abin lura a nan shi ne, yaro na iya riƙe ɗaya daga cikin waɗanga kurakurai shekara da shekaru ba wanda ya sani. In malami ya ba da 3,25 da 3,47, ko 6,2 da 6,9, watau adadi masu tsawo ɗaya, kusan kowa zai ci, mai fahimta da marar fahimta. Malami shi yi murna, shi wuce darasi na gaba, ciwon kuwa shina nan kwance.

Inda kuskuren ke da haɗari

Wani zai ce wanga duk zancen aji ne. To mu leƙa ɗakin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kilo 2,5 a matsayin iyaka: jaririn da anka haifa ƙasa da haka shina bukatar kulawa ta musamman. In sikeli ya nuna 2,45, jaririn ya gaza iyaka da giram 50. Mai cika rajistan da ke ganin 45 ta fi 5 zai sa shi cikin masu cikakken nauyi. Haka ga allurar rigakafi: ta BCG da ake yi ma jariri mililitir 0,05 ce, alhali allurai da yawa na yara mililitir 0,5 ne. Sifiri ɗaya ne ya raba su, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau goma. Ga kuma ɗan zaren awon damtse da ake gane tamowa da shi ga yara ƴan wata 6 zuwa 59: tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsai da santimetir 11,5 a matsayin iyakar tamowa mai tsanani, ƙasa da 12,5 kuma tamowa matsakaiciya. Ma'aikatan da za su riƙe waɗanga rajistoci gobe a Madawa da Buza da Keita, yau suna zaune bisa bencin CM1.

Mu koma gona. Mutanen Keita sun san aikin raya karkara da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da taimakon abinci na PAM, inda jama'a, mafi yawansu mata, sunka gina ramuka bisa tuddai, sunka jera duwatsu, sunka datse ƙoramu domin ruwa shi tsaya ƙasa ta farfaɗo. Mutanen Buza kuma sun san layukan dogon yaro da anka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 domin tare iska. Irin wanga aiki duk da awo ake yinshi. In takarda ta ce zurfin rami metir 0,6, shugaban ma'aikata kuma ya karɓi 0,45 domin a ganinshi 45 ta fi 6, kowane rami ya rasa santimetir 15, ruwan da ya kamata shi tsaya kuma ya wuce. Da damina in rediyo ya faɗi ruwan da anka samu gari-gari, da milimetir da waƙafi shike faɗi. Manomin da ya iya gwada 9,8 da 12,5 ya san inda ƙasa ta fi jiƙa.

Sai fatauci. Albasar Madawa da Galmi tana zuwa har Abijan da Akara da Kumasi da kasuwannin Nijeriya. A Nijar da Kodebuwa waƙafi ake sawa, a Nijeriya da Gana kuwa ɗigo ake sawa a gurbinshi, waƙafi kuma shi raba dubbai. Takardar da ta ce 1.500 a Tawa dubu ɗaya da ɗari biyar take nufi, a Sakkwato kuwa ɗaya da rabi. Tun 1 ga Janairu 1999 canjin yuro ɗaya tamma 655,957 ne na sefa, watau ɗari shida da hamsin da biyar da ɗan guntun da ya kusa cika ɗaya. Ɗan Kano in ya ga haka a rubuce zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Babban taron awo na duniya ya amince a 2003 cewa ɗigo da waƙafi duk sun halatta, saboda haka ba ranar da ɗaya zai kori ɗaya. Yaran da ke zaune kusa da iyaka, kamar na Bangi, tilas su san duka biyu, balle ga shi na'urar lissafin da ke cikin wayoyi da yawa ɗigo take nunawa.

Har cikin makarantar kanta abin na iya jawo zalunci. In anka fid da sakamakon jarrabawa, mai 6,5 shina gaban mai 6,45. Uban da bai san haka ba zai iya zuwa da faɗa, shina ganin an danne ma ɗanshi matsayi.

Yadda darasin ya kamata shi tafi

Gani ya kori ji. Matakin farko a tsakar makaranta ake yinshi, kuma ba shi bukatar kuɗi. Malami shi sa yara su zo da karan dawa miƙaƙƙe, a yanke kowane daidai da metir ɗin aji. A raba karan goma da zanen gawayi ko na wuƙa, a ce ma kowane kashi ushuri. Sa'an nan a ɗauki ushuri ɗaya a sake raba shi goma. Daga nan a ja layi biyu bisa ƙasa daga tushe ɗaya: rukuni na farko su auna metir 2,5, na biyu su auna metir 2,15, kowa shi kafa tsinke inda awonshi ya tsaya. Yaron da ya ga tsinken 2,5 ya wuce na 2,15 da idonshi, shi da kanshi zai tambayi dalili, kuma a nan ne darasi ke farawa.

Sai dai a yi hattara da wani rami da ke cikin awon metir. In malami ya saba cewa 2,15 shi ne « metir biyu da santimetir goma sha biyar » ya tsaya nan, yaro zai ɗauka 2,5 shi ne metir biyu da santimetir biyar. Masanin koyar da lissafi Guy Brousseau ya ja hankali ga irin wanga haɗari a rubuce-rubucenshi na 1980 da 1981: in awo kaɗai anka dogara gare shi, yaro na ci gaba da ganin adadi biyu cikakku manne da juna. Maganin shi ne a sa yara su auna uku tare, 2,5 da 2,05 da 2,50, su ga cewa na farko da na uku wuri ɗaya sunka faɗa, na biyu kuwa can baya ya tsaya. Haka kuma kada a kawo misalin agogo da wuri, domin awa ba ta rabuwa goma: awa 1,5 awa ɗaya ce da minti 30.

Mataki na biyu gyaran baki ne. Makonnin farko kada a yarda yaro shi ce « biyu waƙafi goma sha biyar ». Shi ce « biyu da goma sha biyar cikin ɗari », ko « biyu da ushuri ɗaya da biyar cikin ɗari ». Ga 2,5 shi ce « biyu da biyar cikin goma ». Karatun ya fi tsawo, amma duk sa'ad da yaro ya faɗe shi, ya tuna ma kanshi darajar gurbi. Gajeren karatu shi zo daga baya, bayan fahimta ta zauna.

Mataki na uku shi ne ƙa'idar gwadawa, kuma ɗaya ce tak. A rubuta adadin biyu ɗaya bisa ɗaya, waƙafi bisa waƙafi, a fara dubawa daga hagu. A gwada cikakku tukuna: wanda cikakkunshi sunka fi, ya fi, magana ta ƙare. In sun yi daidai a dubi gurbin ushuri. In nan ma daidai ne a dubi gurbi na gaba, haka har a iske inda sunka bambanta. Yara na saurin kama wannan in anka kwatanta musu da zaman shawara a gida: babba ke fara magana, in ya yanke, ƙane ba shi da ta cewa, sai in manya sun yi kunnen doki ake jin ta bakin na ƙasa. Dalilin kuwa a fili shike. Ko gurbi na biyu ya cika har 9, kashi tara cikin ɗari bai kai ushuri ɗaya ba. Saboda haka 4,8 ya fi 4,63, ya fi 4,79, ya fi 4,7999.

Akwai wata gajerar hanya da malamai da yawa ke so: a cika sifiri har adadin biyu su yi tsawo ɗaya, 2,5 shi koma 2,50, sa'an nan a gwada 50 da 15. Hanyar daidai ce, amsarta kuma ba ta kuskure. Amma in ita anka fara koyarwa, yaro zai ci jarrabawa ba tare da ya bar tsohon ra'ayinshi ba, ranar da ya manta cika sifirin kuma ya koma gidan jiya. A bari sai ya iya faɗin abin da ya sa 2,5 da 2,50 suke ɗaya, watau ushuri biyar daidai shike da hamsin cikin ɗari, sa'an nan a ba shi ita.

Mataki na huɗu tambaya ce da ke buɗe ido: wane adadi ke tsakanin 2,5 da 2,6? Yara da yawa za su ce babu, domin babu kome tsakanin 5 da 6. A mai da su ga karan dawa su nemo 2,55. Sa'an nan a tambaye su abin da ke tsakanin 2,55 da 2,56. Ranar da yaro ya gane cewa tsakanin kowane adadi biyu akwai wani, ya fita daga duniyar ƙirgan awaki ya shiga ta awo.

Mataki na ƙarshe bincike ne. Malamanmu duk sun san dabarar La Martinière, wadda kowane yaro ke rubuta amsa bisa allonshi, a buga tebur, kowa shi ɗaga. Ko aji na zana ne, ko yara sun yi yawa, cikin minti biyar malami na iya ganin kowa. Abin da ake bukata shi ne zaɓen tambayoyi da gangan: ɗaya da za ta kama mai bin tsawo, ɗaya mai bin gajarta, ɗaya mai raina sifiri. Kuma kada a tsaya ga « daidai » ko « kuskure ». A tambayi yaro dalilinshi, har wanda ya ci, domin wani da ƙa'idar banza shike cin amsa.

Aikin kowa ne

Nijar ta fara gwajin koyarwa cikin harsunan ƙasa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin sabunta ƙasa da anka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wanga ya ɗora nauyi bisa masu shirya littattafai a INDRAP, da makarantun horon malamai irin ta Kaocen a Tawa, da mu masu fassara. In munka juya « deux virgule quinze » kalma da kalma, kuskuren kawai munka sa ma rigar Hausa. Harshenmu na da rabi da rubu'i da ushuri, ya kamata littafin yaro shi tashi daga gare su.

Masu duba makarantu da masu ba malamai shawara, in kun shiga ajin CM, ku rubuta tambaya ɗaya irin ta farkon wanga shafi, ku dubi alluna. Abin da za ku gani zai gaya muku fiye da abin da ke cikin littafin shirin darasi. Ku kuma iyaye da kunka yi karatun yaƙi da jahilci, kuna da abin koyarwa a gida: katin awon jariri, takardar sakamakon jarrabawa, zaren awon tela. Ku sa yaro shi karanta muku adadin da ke ciki, ku tambaye shi wanne ya fi, kuma don me. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga aikin da muke bar muku, ku yi shi tare da yaranku da dare. Wanne ya fi yawa: 0,7 ko 0,65? 8,125 ko 8,12? 3,09 ko 3,1? 1,4 ko 1,40? Ku rufe layin da ke biye sai kun gama.

Amsa: 0,7 ya fi, 8,125 ya fi, 3,1 ya fi, na ƙarshe kuwa daidai suke.

Allah shi ba yaranmu basira, shi ba malamansu haƙuri.